Surukina Ya Kwaso Guba Daga Yaƙin Biyetnam, Ga Ni Da Cikin Jikansa

Assalamu alaikum Anti,

Ni 'yar Zariya ce, shekarata 31, shekara huɗu ke nan da aure ya kawo ni Amurka. Mijina baƙar fatar ƙasar ne, a Musulunci ya tashi. Mahaifinsa, wanda muke ce wa Baba, an ɗauke shi soja dole, ya yi yaƙin Biyetnam daga 1968 zuwa 1969, ya musulunta bayan ya dawo. Yanzu yana fama da ciwon suga da dajin furostet, ga hannunsa ya fara karkarwa, likita ya ce cutar Parkinson ce. Yayar mijina, wadda aka haifa a 1972, da tsagewar ƙashin baya ta zo duniya, a kan keke take rayuwa. Duk gidan sun ce maganin da aka yi wa dazuzzukan can feshi da shi ne, Agent Orange.

Anti, ina da cikin wata uku, na fari. Na yi suɓul da baka na ba Ummata labarin a waya. Ta ce ashe gidan cuta aka kai ni, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, in tattaro in dawo gida in haihu. Ni kuma na shiga intanet na ga hotunan yaran Biyetnam, tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Ban faɗa wa mijina ba, kada ya ga kamar ƙyamar danginsa nake yi.

Abu na biyu, Baba ya ƙi neman diyyar da gwamnati ke ba irinsu. Ya ce kuɗin jini ne. Ya ce Muhammad Ali ya ƙi zuwa, shi ya je, don haka ciwon nan kaffararsa ce. Mama ce ke jinyarsa ita kaɗai, ta rame, kuɗin magani kuma mijina ke cikawa. Ni suruka ce, ba ni da bakin magana. Yaya zan yi?

'Yarki da ke Amurka

*

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya inganta, ya raba lafiya, ya ba Baba sauƙi.

Kin ɗauki tsoho da ɗan tayi kin ɗaure su da igiya ɗaya, shi ya sa ƙullin ya fi ƙarfinki. Maganar Baba tabbatacciya ce, gwamnatin da ta tura shi ma ta amsa ta a rubuce. Maganar abin da ke cikinki kuwa zato ce, kuma nan da 'yan makonni za a haska a gani. Ke kuma kin tare a kan zaton kina hana idonki barci, kin bar tabbas ɗin yana cinye gidan surukanki. Za mu kwance su ɗaya bayan ɗaya. Amma ki fara yi mini alkawari, daga yau ba ke ba neman hotunan nan da tsakar dare. Mai ciki da waya da ƙarfe biyun dare, ban taɓa ganin haɗuwarsu ta haifar da alheri ba.

Shi wannan Agent Orange maganin ciyawa ne, ɗan'uwan wanda manoman shinkafa ke goyawa a baya suna feshi a fadamun Kura. Daga 1962 zuwa 1971 sojojin Amurka sun zuba wajen lita miliyan 75 na irin waɗannan magunguna a Kudancin Biyetnam da wani yanki na Laos, don itatuwa su zubar da ganye abokan gaba su rasa maɓoya, amfanin gona kuma ya ƙone su rasa abinci. Fiye da rabinsa Agent Orange ne. Sunan ya samo asali ne daga zanen fenti mai launin lemo, wato orange a Turance, da ake zagaye durom ɗin da shi. Haɗin magani biyu ne, rabi da rabi: 2,4-D, wanda har gobe ana sayar da shi a kasuwanninmu, da 2,4,5-T, wanda Amurka ta hana shi gaba ɗaya a 1985. Wajen dafa na biyun a masana'anta, idan wuta ta yi yawa, sai wata guba ta fito a ciki kamar yadda ƙanzo ke kama gindin tukunya. Ita ce dayoksin, kuma ita ce ta yi ɓarnar. Ba ta narkewa a ruwa. Kitse take bi ta laɓe, kuma sai an yi shekara 7 zuwa 11 kafin rabin abin da ya shiga jikin mutum ya fita. A 1997 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji ga ɗan Adam.

Kuma ba matuƙan jirgin feshi kaɗai ta taɓa ba. An yi feshi a kewayen sansanoni da bakin koguna, da mota da jirgin ruwa da goyon baya. Samari irin su Baba sun kwana a kan ciyawar da aka fesa, sun sha ruwan rafin da ta gangara ciki, wasu har sun yanka durom ɗin da ya ƙare sun mai da shi tankin wanka ko murhun gashin nama, don an gaya musu ba ya cutar da mutum. Duk sanda na tuna wannan sai in tuna jarkokin maganin feshi da nake gani a ƙauyukanmu an ɗauraye an zuba man gyaɗa. Wannan maganar wata rana ce.

Mu fara da cikinki, tunda shi ya hana ki barci.

Hanyar da aka tabbatar dayoksin na bi daga babba zuwa yaro ita ce jikin uwa: ta mabiyiya tun yana ciki, da kuma ta nono bayan an haife shi. Yaran da kika gani a hoto, iyayensu mata da kakanninsu mata a ƙarƙashin feshin suka zauna. Wani bincike da aka buga a 2003 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.1 zuwa miliyan 4.8 ne ke zaune a ƙauyukan da aka fesa. Bayan yaƙi ma, a kewayen tsofaffin filayen jirgin sama irin na Da Nang da Bien Hoa, inda aka tara durom ɗin yana yoyo, mutane sun shekara talatin da ɗoriya suna cin kifi da agwagin tafkunan da gubar ta kwanta a lakarsu. To ki dubi gidanku. Wanda ya je Baba ne. Mama ba ta je ba, mijinki kuma ba nonon Baba ya sha ba. Ke da ke ɗauke da cikin, tsakanin Zariya da Amurka kika yi rayuwarki. Gubar kanta ba ta da ƙofar da za ta bi ta isa mahaifarki.

Sauran tambayar ita ce ko gubar na iya barin tabo a ƙwayar haihuwar namiji, tabon ya bi ɗa har ya kai jika. Ba zan ɓoye miki ba, masana ba su ɗauki tambayar wasa ba. A garin Seveso na Italiya, inda wata masana'anta ta yi aman dayoksin a 1976, an gano cewa mazan da suka kwashe ta da yawa suna samari sun fi haihuwar 'ya'ya mata a kan maza. An kuma yi gwaji a kan ɓeraye masu ciki aka ga illa ta bi zuriya. Majalisar Amurka kuma ta ɗora wa babbar cibiyar masana kimiyya ta ƙasar aikin tattara duk binciken da aka yi tana dubawa, ta yi ta fitar da rahoto daga 1994 har zuwa 2018. A 1996 ta ce akwai 'yar alamar dangantaka tsakanin feshin da tsagewar ƙashin baya a 'ya'yan sojojin, wato ciwon yayar mijinki, wanda likitoci ke kira spina bifida. Da bincike ya ƙaru, a rahoton da ya fito a 2016 sai ta janye, ta ce hujjar ba ta kai ba. A kan jikoki kuwa ba ta samu hujjar da ta tsaya da ƙafarta ba. Akwai iyalan sojoji da yawa da ba su gamsu da wannan ba, kuma ban ga laifinsu ba, wanda aka taɓa ce masa maganin ba ya cutarwa yana da dalilin yin shakka. Amma shekara hamsin ana nema a cikin zuriyar mutum sama da miliyan biyu da rabi da suka yi aiki a Biyetnam. Da abin yana bin jini yadda Umma ke tsammani, da ba sai an kunna fitila ana laluben sa ba.

Abin da zan so ki riƙe da muhimmanci shi ne ciwon yayar mijinki, ko daga ina ya zo. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin haihuwa a nan Arewa, na karɓi jarirai masu ƙullutu a gadon baya da hannuna, kuma babu uban ko ɗaya daga cikinsu da ya san inda Biyetnam take. Ciwon yana ko'ina a duniya. A Amurka yana samun wajen jariri ɗaya cikin kusan 3,000. Ƙashin bayan ɗan tayi yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, tun mace ba ta gama tabbatar da cikin ba, kuma babban abin da aka sani yana hana shi rufewa shi ne ƙarancin sinadarin folik asid a jikin uwa. Ciwon suga da ba a kula da shi ba, da wasu magungunan farfaɗiya, da zazzaɓi mai zafi a farkon ciki su ma suna iya jawo shi. Idan akwai mai shi a dangi, haɗarin yakan ɗan ɗaga. Amma ko matar da ta taɓa haifar ɗa mai shi da cikinta, fiye da 90 cikin 100 na cikin da ke biyo baya lafiya lau yake zuwa, balle ke da gwaggo ce mai shi. Ƙari a kan haka, tun 1998 Amurka ke zuba folik asid a garin fulawa da shinkafar da ake sarrafawa, kin shekara huɗu kina ci ba ki sani ba.

Saboda haka a awon da ke tafe ki buɗe baki ki gaya wa likitarki abu biyu: yayar mijina tana da spina bifida, mahaifinsu kuma tsohon sojan Biyetnam ne. Kada kunya ta hana ki, ba tonon asirin gida ba ne, aikinta ne ta sani. Akwai gwajin jini da ake kira AFP tsakanin mako na 15 da na 20, sannan babban hoton ciki tsakanin mako na 18 da na 22, inda ake bin ƙashin bayan yaro gaɓa-gaɓa. Mafi yawan masu buɗaɗɗiyar tsaga a nan ake ganin su. Ki roƙi a haɗa ku, ke da mijinki, da masu ba da shawara kan cututtukan gado, manyan asibitocin can suna da su. Ki ci gaba da shan ƙwayoyin masu ciki, adadin da aka saba ba kowace mace shi ne maikirogiram 400 na folik asid a rana, kuma likita ce za ta ce ko ke kina bukatar ƙari, a wannan cikin ko na gaba. In ma Allah ya ƙaddara an ga wani abu, yau ba 1972 ba ce. Tun 2011 aka tabbatar da amfanin yi wa yaro aiki a rufe tsagar yana cikin mahaifa kafin mako na 26.

Af, akwai tambayar da ban ga kin yi ba, kuma ta fi waccan kusa da ke. Kun yi gwajin sikila kafin aure? A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, a cikin baƙaƙen fatar Amurka kuwa wajen ɗaya cikin 13. Idan ku biyun AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wannan gado ne da ba a gardama a kansa, kuma daga gidanku yake iya fitowa kamar yadda yake iya fitowa daga gidansu. In ba ku yi ba, ku yi a makon nan.

Shi kuma mijinki, ki gaya masa yau. Kina tsammanin bai yi wannan tunanin ba? Mutumin da ya tashi yana tura keken yayarsa, yana jin ana kiran sunan maganin nan a gidansu tun yana yaro, wallahi tun ranar da kika ce masa kin ga alama yake juya abin a ransa. Ina kyautata zaton shi ma shiru yake yi don kada ya tayar miki da hankali. Kun zama mutum biyu a gado ɗaya kowa na gadin ɗan'uwansa daga tsoro iri ɗaya. Ba sai kin yi doguwar shimfiɗa ba. Ki ce masa, “Ina jin tsoro saboda ciwon Yaya, ina so mu je wurin likita tare.” Wannan ba ƙyama ba ce, kuma zai gane.

Yanzu mu koma kan Baba, inda nake ganin ainihin ɓarnar take, don kowane wata da ya wuce asara ce da ba ta dawowa.

Dokar da aka kafa a 1991 ta sauke wa irinsu nauyin kawo hujja. Duk sojan da ya taka ƙasar Biyetnam tsakanin 9 ga Janairun 1962 da 7 ga Mayun 1975, ana ɗauka kawai cewa gubar ta taɓa shi, ba sai ya tuna ranar da jirgi ya wuce ta kansa ba. Idan kuma ya kamu da ɗaya daga cikin cututtukan da ke jerin Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji, wadda suke kira VA, ana ɗauka aikin soja ne ya jawo. Dajin furostet ya shiga jerin a 1996, ciwon suga irin na manya a 2001, Parkinson a 2010. Uku cikin uku ke nan. Idan yana da hawan jini, shi ma ya shiga a 2022. Kuɗi ne na wata-wata da ba a cire musu haraji, kuma wanda aka auna nakasarsa ta kai ɗari bisa ɗari yana karɓar sama da dala 3,500 a wata. Dajin da ake kan jinyarsa a wannan matakin ake sa shi. Ga magani a asibitocinsu. Tun Oktoban 2020 kuma aka buɗe wa sojojin zamaninsa shirin da ke biyan mai jinya na cikin gida alawus, idan nakasar ta kai kashi 70 kuma yana bukatar a riƙa kula da shi. Wato ita Mama, wahalar da take sha kyauta, akwai tanadin da aka yi mata.

Na fahimci Baba, kuma ban raina maganarsa ba. Mutumin da lamirinsa ke damunsa bayan shekara hamsin mutumin kirki ne. Yana kuma da gaskiya a wani ɓangare: mutanen Biyetnam sun kai kamfanonin da suka haɗa maganin ƙara a kotun Amurka a 2004, aka kori ƙarar a 2005, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraronsu a 2009. Abin da suka samu shi ne tallafin nakasassu da aikin kwashe gubar daga ƙasa, wanda aka kammala a Da Nang a 2018 aka fara a Bien Hoa a 2019. Idan ya dubi wannan ya ji nauyin miƙa hannu, ba hauka yake yi ba.

Sai dai lissafinsa ya karkace a wurare. Kuɗin jini shi ne ladan da ake biyan mutum don ya yi ɓarna. Wannan kuwa diyyar jikinsa ce da aka lalata, daga hannun wanda ya lalata shi, kuma diyyar rauni aba ce da addininmu ya sani. In ya ƙi karɓa, ko sisi ba zai tafi Biyetnam ba, a baitulmalin Amurka zai zauna. Ya ce ciwon kaffara ce. Haka ne, ko ƙaya ce ta soki mumini ana kankare masa zunubi da ita, amma ba a ce sai ya ƙi magani ladan zai tabbata ba. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Amru ɗan Asi cewa Musulunci yana rushe abin da ya gabace shi. Baba ya je yaƙin yana ɗan shekara ashirin ko kusa da haka, da takardar tilas a hannu, kafin ya yi kalmar shahada. Muhammad Ali da yake auna kansa da shi jarumi ne, ya ƙi zuwa a 1967 aka ƙwace kambunsa aka yanke masa shekara biyar, amma zakaran duniya ne mai lauyoyin da suka kai maganarsa har Kotun Ƙoli ta wanke shi a 1971. Yaron unguwa da ba shi da kowa, kurkuku kawai zai tafi. Sannan uwa uba, wa ke biyan kaffarar nan? Mama ce ke ɗaga shi tana kwantarwa, ɗansa ke cike kuɗin magani ga haihuwa tafe. Mutum ba ya yin kaffara da ƙugun matarsa.

Akwai labari biyu da nake so su isa kunnensa. Wadda ta fara tona wannan magana baƙar fata ce irinsa, Maude DeVictor, ma'aikaciyar ofishin tsofaffin sojoji a Chicago, wadda a 1977 ta lura da yadda samarin da suka dawo ke mutuwa da daji ta fara tara sunayensu. Daga nan aka yi shari'ar da kamfanoni bakwai, ciki har da Dow da Monsanto, suka biya dala miliyan 180 a 1984, daga asusun nan aka biya mutum wajen 52,000, kowa ya tashi da kimanin dala 3,800. Da yawa daga waɗanda suka yi fafutukar sun mutu ba su ga dokar 1991 ba. Ƙofar da Baba ke ƙin shiga, abokan yaƙinsa ne suka buɗe ta da rayukansu. Na biyu kuma Admiral Elmo Zumwalt, babban hafsan ruwan da ya ba da umarnin a fesa bakin koguna don kare yaransa daga kwanton ɓauna. Ɗansa na cikinsa yana cikin masu sintiri a kogunan, ya kamu da daji ya rasu a 1988 yana da shekara 42. In akwai wanda ya kamata nadama ta daskarar da shi, shi ne. Amma sauran rayuwarsa ya ƙarar da ita wajen matsa wa gwamnati ta amsa laifi ta biya. Idan Baba yana son nadamarsa ta yi aiki, ya karɓi haƙƙinsa ya ware wani kaso duk wata ya aika wa masu kula da yaran can. Akwai wani gidan kula da su kusa da Hanoi da ake kira Ƙauyen Zumunci, wanda wani tsohon sojan Amurka, George Mizo, ya assasa, aka buɗe shi a 1998.

Kin ce ba ki da bakin magana, kuma na yarda, ba ke za ki tsaya gaban surukinki kina ja da shi ba, ko a Amurka ne. Amma surukar kirki ta san ta inda ake shigar da magana. Ki ba mijinki duk abin da na faɗa miki. Shi ya sami limamin da Baba ke jin nauyinsa, ya fi kyau ma in akwai tsohon soja a cikin jama'ar masallacin, don irinsu sun fi jin maganar wanda ya taka inda suka taka. Kada a ce masa ya nema don kansa, zai ƙi. A ce masa don Mama. Idan ɗaya daga cikin cututtukan nan ya zama ajalinsa, bayan rai mai tsawo, matarsa tana da haƙƙin kuɗin wata-wata da ya haura dala 1,500. Tana iya nema ko bai taɓa nema ba, amma in ya riga ya kafa maganar da ransa, ya rage mata yawon ofis a cikin takaba.

Aikin takarda kuwa naki ne, shi ba ya bukatar baki. A nemo takardar sallamarsa daga soja, DD214, da takardun asibitin da suka nuna cututtukan uku. Akwai sanarwar niyyar nema da ake fara shigarwa, wadda ke riƙe masa ranar farawa har shekara guda yayin da ake haɗa sauran, domin galibi daga ranar da aka nema ake fara lissafin biya. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da Vietnam Veterans of America suna da wakilan da aka amince da su, suna cike takardun kyauta. Duk wanda ya ce a ba shi kaso kafin ya shigar da neman farko, ku rufe masa ƙofa, doka ba ta yarda da haka ba.

Ita kuma Yaya, nata haƙƙin daban yake, ba ya rataye a kan ra'ayin Baba. Dokar 1996 ta ba 'ya'yan cikin sojojin Biyetnam masu spina bifida, waɗanda aka samu cikinsu bayan uban ya je can, alawus na wata-wata da kulawar asibiti da koyon sana'a, kuma ba a soke ta ba duk da masana sun sauya matsayi. Takardar neman ita ce 21-0304. Wataƙila ta daɗe tana karɓa. Ki sa mijinki ya tambaya, don na sha ganin gidan da kowa ke zaton wani ya riga ya yi.

Saura Umma. Kada ki yi fushi da ita, uwa ce da 'yarta ke bayan teku da cikin fari, kuma mu Hausawa mun saba bin asalin gida kafin aure, a tambayi kuturta a tambayi farfaɗiya. Da ma'aunin da ta sani ta auna. Amma maganar dawowa gida haihuwa, a'a, ba yanzu ba. Abin da ke jikin yaro ba ya canzawa don an hau jirgi, kuma in da wata matsala, jaririn da aka haifa da buɗaɗɗen baya yana bukatar likitan tiyatar jijiya cikin kwana biyu zuwa uku na farko, ga shi kuwa kina zaune kusa da su. Ki karɓi addu'arta hannu biyu, ki ce ta ƙara. Saiwa ko sassaƙe in ta aiko, kada ki sha sai likita ta gani. Ki daina ba ta labarin ciwon gidan miji, abin da ya wuce ya wuce. Ki ce mata likitoci za su duba a wata na biyar kuma ita za ki fara kira. In hali ya yi, ku fara nema mata biza ta zo wankan jego, ta ga mutanen da take kira gidan cuta suna sallah a sahu ɗaya da ita.

Kafin ranar hoton nan, ki yi miyar kuka ki kai wa yayar mijinki, ki zauna ku yi hira ta ainihi. Na lura a wasiƙarki ba ki faɗi komai a kanta ba sai shekarar haihuwarta da kekenta. Mace ce da ta haura hamsin da wannan ciwo, ta san sunan kowane likita da kowace takarda, ta kuma san abin da ke sa mahaifinta ya sauko in ya hau. Ki tambaye ta yadda za a ɓullo wa Baba. In an yi hoton, ki rubuto mini.